Yajin da Na Yi wa Allah

Kalma guda ce ta raba ni da kabarin ɗiyata. Guda tak, kuma ni na faɗe ta da bakina, ba wanda ya matsa mini. Yau na tsufa, haƙora sun zube, amma in na tuna sai in ji kamar jiya anka yi.

Sunana Tabita, daga ƙasar Zuru. Mijina Filibus mutumin Tangale ne. A makarantar mishan munka haɗu, shi yana koyon aikin magani, ni ina koyon karatu da ɗinki. Shekara biyu bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama anka turo mu Goronyo. Sharaɗin da Turawan mulki da hakimi sunka gindaya ɗaya ne: a ba da magani, a wanke gyambo, amma kada a ji wa'azi a kasuwa ko a bakin masallaci. Anka gina muna ɗaki biyu da rumfa a bayan gari, kan hanyar Taloka. Mu kaɗai ne Kirista tun daga nan har Wurno, inda gidan mishan yake.

Mutanen Goronyo ba su wulaƙanta mu ba, kar in ɗau alhakinsu. Su gaishe mu da kyau, su karɓi magani, su yi godiya. Sai dai in na miƙa wa mace ruwa a ƙwaryata, sai ta ce, "Alhamdu lillahi, yanzu nis sha." Wata huɗu cur ba macen da ta zauna a tabarmata.

Kulu ce ta karya abin. Matar Maccido ce, manomin albasa, gidansu ne na ƙarshe kafin namu. Wata rana ina dama fura sai na ga kai ya leƙo ta kan darni.

"Ke baƙuwa, mi kike yi haka? Wagga hura ta ko ruwan wanki?"

Kafin in buɗe baki ta zagayo, ta ƙwace ludayin, ta dama abinta tana yi mini faɗa kamar ta shekara goma da sanina. Da ta gama ta kai ludayin bakinta, nawa ludayin, ta ce yanzu dai mutum na iya sha. Tun ran nan ban sake rasa abokiyar magana ba.

A gabanta na haihu, ranar Asabar. Munka sa wa yarinya Lidiya. Kulu ta ce ita harshenta ba ya iya wannan suna, Asabe za ta ce, gari duka kuma ya bi ta. Ita ta yi mini wankan jego, ita ta koya mini goyo irin nasu. Yarinya ta yi shekara ɗaya da wata biyar, ta fara tafiya tana kama bango, sai baƙon dauro ya shigo gari da bazara. Ubanta ga kwalaben magani cike da ɗaki, ya yi duk abin da anka koya masa. Kwana shida. A na bakwai da hantsi ina goye da ita ina zagaya tsakar gida, sai na ji ta yi nauyi a bayana.

To, ina za a kai ta? Maƙabartar gari ta Musulmi ce. Wurno nesa ce, ga zafin bazara. Filibus ya zauna bakin rumfa ya haɗa kai da gwiwa, ni ina riƙe da ita a cinya. Sai ga Maccido da dagi a kafaɗa.

"Malam Filibus, taso," ya ce. "Jinjiri ba ya da laihi ga kowa. Akwai tudu bakin gonata, ko gulbi ya cika ruwa ba ya kai nan."

Shi ya haƙa da hannunsa, ƙarƙashin wata aduwa. Nan munka sa ta.

Daga ran nan addu'a ta ƙi fita bakina. Ba wai na manta ba ne. Kowace safiya Filibus zai buɗe Littafi Mai Tsarki ya yi karatu, ya roƙa wa marasa lafiya, ni in motsa leɓe in ce amin, amma ciki wayam. Da ya shiga ɗakin magani sai in ja mayafi in nufi aduwa. In zauna, in share wurin, in gaya mata labarin gida: akuya ta haihu, an yi ruwa jiya, kazar nan mai tsiya ta sake fasa mini kasko. Daga nan in gangara wurin Kulu in taya ta abin da take yi, ko tsintar albasa ko surfe. Kulu ba ta da dogon wa'azi. "Sannu, Tabita," shi ke nan, ta matsa mini wuri. Ba ta taɓa ce mini in shigo addininta ba, ni ma a lokacin ba ni da abin da zan kira wani zuwa gare shi. Wannan zaman na safe shi ke riƙe da ni. Da ba shi, wallahi ban san abin da zan zama ba.

Filibus kuwa bai taɓa taka wurin ba tun ranar biso. In an kira shi Taloka duba maras lafiya, sai ya zagaya ta kasuwa don kada ya bi ta gonar. Sunanta ma bai sake fita bakinsa ba. Ni da wautata na ɗauka ƙarfin bangaskiya ne. Har kunyarsa nike ji, ina cewa ga namiji mai Allah a zuci, ni ce raguwa.

Akwai wata Baturiya mai aikin jinya da ke zagaya Rabah da Wurno da Goronyo wata-wata, tana duba ɗakunan magani. Mutanen Wurno sunka sa mata Zinariya saboda gashinta. Hausarta ta littafi ce. Gaisuwa kam ta iya har ta gundure ka, amma in an saki magana da gudu sai ta yi ta murmushi tana gyaɗa kai. Tana da ɗan littafi a aljihu, duk kalmar da ba ta sani ba sai ta rubuta. Kuma tana sona, wannan ba zan ɓoye ba.

Wata biyar da rasuwar ta ishe ni bayan ɗaki ina ɓarar wake. Ta zauna ƙasa kusa da ni.

"Tabita, yaya zuciyarki?"

"Lafiya lau."

Ta kama hannuna ta sake tambaya. Na sake cewa lafiya lau. Ta tambaya na uku. Kai! Wata biyar kowa na ce mini sai haƙuri, ba wanda ya tambaye ni. Hawaye sunka ɓalle mini.

"Amana zan ba ki," na ce.

"Na karɓa."

"Na yi wa Allah yaji."

Duk macen da ta yi aure a ƙasar nan ta san yaji. Miji ya ɓata miki rai, ki ja mayafinki ki tahi gidanku. Ba saki ba ne, aure na nan daram. Ba ki kwashe kwanoni ba, ba ki ɗau tukunya ba. Kina zaune ɗakin uwarki kina hura hanci, amma kunnenki na bakin zaure, kina jiran ya zo biko, ya ba da haƙuri, ya maida ke ɗakinki. Macen da ta gama da miji ba ta yin yaji, gun alƙali take zuwa. Abin da nike nufi ke nan. Ina fushi da Shi, fushi mai tsanani, kuma ina zaune ina jiran Ya zo.

Zinariya ta ɗaure goshi. "Yaji? Na miya?"

Na fashe da dariya, hawaye na zuba. Rabona da dariya tun bazara. Na ce, "Ba na miya ba, na mata." Ta ciro ɗan littafinta ta rubuta. Ta yi mini addu'a, ni na yi shiru, ta rungume ni ta tahi. Ran nan na ci tuwo malmala biyu, na ji kamar an sauke mini tulu daga ka.

Bayan mako uku wani ɗan kasuwa ya kawo takarda daga Wurno, wai ana neman mu, mu biyu. Na tambayi Filibus mi ya faru, ya ce shi ma bai sani ba. Munka hau jakai da sassafe.

A baranda anka zaunar da mu. Ga babban Bature, sabon zuwa ne, Hausa ba ta zauna bakinsa ba tukuna, don haka Filibus ne tafinta, shi da ya iya Turanci tun makaranta. Ga Zinariya a gefe tana kallon ƙasa. Baturen ya buɗe ɗan littafin nan nata, ya sa yatsa, ya karanta a hankali: "Ya-ji."

Na ji kamar an kwance mini zane a kasuwa. Maganata ta bayan ɗaki, ga ta a bakin namiji baƙo. Na kalli Zinariya, kunnuwanta sun yi ja wur.

Baturen ya tambayi Filibus wani abu, Filibus ya ba shi amsa gajera. Baturen ya girgiza kai cikin tausayi. Sannan ya sa anka tambaye ni, gaskiya ne na daina addu'a? Na ce gaskiya ne. Gaskiya ne kullum ina wuni da wata mace Musulma? Na ce gaskiya ne, ita ta wanke ni da na haihu. A nan na gane inda anka dosa, sai na miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, ban bar Ubangijina ba. Ina zan je in na bar Shi? Fushi nike yi. Ya ɗauke mini yarinya tana fara tafiya, ban gane dalili ba, kuma ba zan yi Masa ƙaryar na gane ba. A bar ni inda nike, kusa da ita. Ina nan ina jira. Ba wanda ya ja ni ko'ina."

Na daɗe ina magana, har muryata ta dushe. Filibus ya juya ta Turanci da numfashi guda. Na lura da haka, amma na ce ƙila Turanci haka yake, ba ya son yawan magana.

Hukunci ya zo da taushin murya. Za a ɗauke mu daga Goronyo a kai mu babban gidan mishan can kudu, cikin masu bi, in huta, in warke. Za a turo wani mai magani. Kwana goma anka ba mu.

"Ɗiyata fa?" na ce.

Baturen ya ce ɗiyata ba ta cikin ƙasa, tana wurin Ubangiji. Na sani! Ni ma makarantar nan na yi. Amma ƙafafun da na wanke da hannuna suna ƙarƙashin aduwa, kuma can kudu ba aduwar nan.

Na fito na nufi bayan madafa don kada su ga fuskata. Zinariya ta biyo ni. Ai ko na juyo mata.

"Haka ake riƙon amana a garinku? Na ba ki cikina, kin kai shi baranda? Da mi na cuce ki?"

Ta fashe da kuka. Ta ce in gafarta mata, ba ta gane kalmar ba ne, kuma ta ga nauyinta a fuskata. Don haka ran nan, kafin ta bar Goronyo, ta shiga ɗakin magani ta tambayi mijina. Ya ce mata ma'anarta mace ta bar mijinta, ta fita gidansa, ta tahi abinta. Ta ce tun daga nan hankalinta bai kwanta ba, tana ganin zan ɓata, shi ya sa ta kai maganar gaba.

Na ce, "Bai gaya miki biko ba?"

"Biko?" Hannunta ya tahi aljihu neman fensir. "Mene ne biko?"

Mako uku ke nan ya sani. Mako uku yana cin tuwona, yana karanta mini littafi da safe, na tambaye shi ya ce bai san dalilin kiran ba. Kuma ba wai bai san kalmar ba. Shi da bara ya raka Yari maƙeri biko har Kwargaba, ya dawo yana ba ni labari muna dariya!

Ga fensir a hannunta tana jira. Magana uku zan yi ta gane, ta koma baranda, a bar ni da ɗiyata. Amma daga nan Baturen zai san tafintansa ya yi masa ƙarya ido da ido. Aikin da ya shekara huɗu yana koyo ya tahi ke nan, kuma har Tangale za a ji cewa matarsa ce ta tone shi. Na hango shi can tsakar fili yana gyara wa jaki akumari, wuyansa ya rame, ban ma lura ba sai ran nan.

"Ba komi ba ne," na ce mata. "Maganar mata ce."

Ta maida fensirinta. Har yau ina jin haushin bakina.

Ban yi masa magana a hanya ba, ban yi ba washegari. Sai a kwana na uku da rana tsaka, na ishe shi ɗakin magani yana naɗe kwalabe da ciyawa yana jerawa a akwati. Na tsaya bakin ƙofa.

"Baban Lidiya."

Hannunsa ya tsaya. Tun rasuwar ban kira shi haka ba, Malam nike cewa.

"Mi ne yaji?"

Ya ci gaba da naɗe kwalbar da ke hannunsa.

"Kai ne tafinta. Gaya mini, mi ne yaji?"

"Na sani," ya ce, bai ɗago ba.

"To don mi?"

Ya ajiye kwalbar. Ya ce, "Kullum ki tahi wurinta, ki dawo da ƙasar wurin a zanenki, ina gani. Ni na ba ta magani, Tabita. Da hannun nan. Mata na kawo mini 'ya'yansu in duba, suna kallona, sun san tawa na bayan gona. Ina yin addu'ar safe ne don aikina ne, ba na jin komi. Sau biyu na roƙi manyanmu a sauya mini wuri, sunka ce aiki na tahiya da kyau, in daure. Da ta zo da kalmar nan sai na ga ƙofa."

"Sai ka mai da ni wadda ta bar Allah, kai ka fita a mai haƙuri da mata."

Ya kau da kai. Na ci gaba.

"Da ka ce mini kai ma ba ka iyawa! Ɗaki guda muke kwana. Da mun je wurinta tare mun yi kukanmu. Wata biyar ina jin kunyarka, ina cewa ni kaɗai ce lalatacciya."

"Ni ne malami a nan," ya ce. "Da wane baki zan faɗa?"

Na ji tausayinsa, ba zan yi ƙarya ba. Amma tausayin bai kashe komi ba. Shi ya ji ciwo ya rasa bakin faɗa, sai ya ari nawa ya murɗe shi. Baturiya ta ci amanata cikin rashin sani. Shi da saninsa ya ci.

Da Kulu ta ji za mu tashi, ta zo tana huci. "Wa yak kore ku? Hakimi na? In shi na, Maccido shi tai shi gane shi yanzu." Na ce ba hakimi ba ne, manyanmu ne sunka ga dama. Ta tsura mini ido, ta san akwai saura, amma ba ta tona ba. Maccido ya ce zai kewaye wurin da ƙaya, muddin yana da rai garma ba ta taɓa shi. Kulu ta riƙe kafaɗata ta ce, "Bar mini Asabe, ni ka gaishe ta."

Ranar tashi na je ni kaɗai. Na share wurin, na zauna. Na rasa yadda zan gaya mata, don haka na ce mata zan je unguwa. Ka ji, har ita na yi wa ƙarya. Filibus na can bakin hanya da jakai, ya ba gonar baya.

Ban sake ganin Goronyo ba. Shekara arba'in da ɗaya munka yi da shi bayan haka. Na haifa masa huɗu, na dafa masa, na yi jinyarsa har ya cika a hannuna. A ikilisiya da mu ake ba sababbin aure misali, in ji ana faɗa in sunkuyar da kai. Mutumin kirki ne, ya warkar da mutane da yawa. Amma ban sake gaya masa abin da ke cikin raina ba, ko sau ɗaya. In ya tambaya, lafiya lau.

Addu'a ta dawo mini, bayan shekara shida, wata rana ina niƙa, ba wanda ya roƙe ni. Sai dai ba da Hausa ta zo ba. Da yaren uwata ta zo, wanda Filibus ba ya ji, ba kuma Baturen da ya taɓa rubuta shi a ɗan littafinsa a gabana. Da shi nike yi har yau. Ba na son tafinta tsakanina da Shi.